Muryar da Aka Goge

Shara na je yi, ana gab da kiran magariba. Shekara tara ke nan ina share ɗakin kwamfuta inda yara ke rubuta jarrabawa a Batsari. Babban ɗana ne ya samo mini aikin. Shi ke kula da injinan kafin a kashe shi a hanyar Ruma.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungu, uwa yake ce mata. Ita ke zuba wa sauran kwamfutoci arba'in na ɗakin abin da suke aiki da shi, a lokaci guda. Ya sa muryarsa a ciki. Duk wadda aka kunna sai ta ce, "Bismillah, a fara lafiya." Abin da ya rage mini ke nan, ko hoton kirki ba ni da shi.

Sai aka turo wani Umar Faruk daga Katsina. Wai kamfanin da ya yi manhajar da ke cikin uwar ya daina ta, dole a koma sabuwa. Sau uku ina roƙonsa ya sa mini muryar a wayata. Kullum gobe, Mama, gobe. Ran Laraba ya goge komai, ya zare wa uwar wayar wuta, ya kife ta a ƙasa. Da na yi magana ya ce ai sauti ne kawai, ba ya cikin aikin da aka turo shi. Sauti. Ɗan da na haifa.

A ranar na shiga ina huci, ina buga tsintsiya a ƙafafun tebur. Ba wuta. Janareta a kashe.

Sai na ji warin roba na ƙonewa.

Fankar cikin uwar ta fara juyawa. Wayar wutarta na naɗe bisa tebur, ina kallonta.

Allon farko ya kawo haske. Na biyu. Layi-layi, har arba'in.

"Bismillah, a fara lafiya."

Wallahi daɗi na fara ji. Na matsa kusa.

Sai suka yi ƙasa da murya, dukkansu.

"Inna. Kira sunana."

Na tsaya cak. Ɗan fari ne. Bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, shi kuma shekara talatin bai taɓa neman in faɗa ba. Ba shi ba ne.

"Sau ɗaya, Inna. In fito."

Wani sanyi ya riƙe mini wuyan hannu, kamar yatsu. Bakina ya buɗe da kansa, sunan har ya hau harshe.

Na cije shi sai da na ji jini.

Na fizge, na yi waje ina a'uziyya, da takalmi ɗaya.

Washegari Umar Faruk ya ce komai lafiya, sabuwar manhaja na aiki. Aka ba 'yan gwangwan uwar. Ni kuma na bar aikin.

Ban yafe masa ba. Da ya ji roƙona, da yamman nan ina gida da muryar ɗana a waya. Yanzu in na rufe ido zan tuno ta, wancan abin nake ji, yana ce mini in kira.