Sharaɗi Na Tara

Tana riƙe da biro tana duba takardar yarjejeniya, amma ta kasa wuce shafi na biyu.

Ita ce sakatariyar ƙungiyar ungozomomi. An turo ta kama zauren taro da ɗakuna tamanin a wannan otal, saura mako uku taron shekara. Ba wanda ya gaya mata ko wane ne sabon manajan...

Mutumin da Babanta ya sallama shekara uku da suka wuce ne, ya ce ba zai ba ma'aikacin otal 'yarsa ba. Ita kuwa ɗaga wayarsa kawai ta daina.

Yanzu ga shi a ɗaya gefen teburin gilashi, yana ce mata Malama kamar yau ya fara ganinta.

Sharaɗi na tara ne ya tsaya mata a wuya: ko ɗaki ɗaya ya ragu cikin tamanin, ƙungiya ce za ta ɗauki nauyinsa. Ta yi masa bayanin cewa naƙuda ba ta san ranar taro ba, dole wasu su fasa zuwa a ƙurarren lokaci. Ya ce ƙa'ida ce. Ta nemi ƙaramin ɗaki kusa da zaure saboda masu shayarwa. Ya ce babu.

Wayarta ta yi haske. Mataimakiyar shugaba ce, wadda ta so a kai taron otal ɗin ƙanin mijinta. Ta rubuto cewa kwamiti ya ji wurin tsohon saurayi ta kai su, in ta dawo da takarda mara kyau ta shirya ajiye muƙaminta.

Ta kife wayar, ta ɗago.

"Da ƙungiyata kake ciniki, ko da ni?"

Ya dubi takardar da ke gabansa.

"Da ke," ya ce a hankali. "Kuma bai dace ba."

Ya jawo takardar ya soke sharaɗin, ya rubuta cewa za su iya rage ɗaki goma sha biyar har ana jibi taro. Ya ƙara ɗakin masu shayarwa. Ya ce ba alfarma ba ce, abin da yake yi wa kowace babbar ƙungiya ke nan, ta gaya wa duk mai tambaya.

Ta sa hannu. Ta miƙe za ta fita, muryarsa ta tsayar da ita.

"Zinariya... Baba ya ƙi ni, na ji. Ke me ya hana ki faɗa mini da bakinki?"

Hawayen da take dannewa tun shigowarta suka zubo.

"Tsoro. In na ji muryarka ba zan iya rabuwa da kai ba."

A ranar, da ta koma gida, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban Babanta. Ta ce shekara uku ta yi masa biyayya, duk wanda aka kawo ta saurare shi, amma zuciyarta ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Yayanta ya taso da faɗa, Baba ya ɗaga masa hannu. Sannan ya tashi ya shige ɗakinsa.

Aka yi taro lafiya, kwamiti ya yaba, barazanar mataimakiya ta bi iska. Ranar rufewa tana tsaye bakin zaure tana sallamar baƙi, ta hango Babanta ya shigo da sandarsa. Ya wuce ta, ya tsaya gaban manajan, ya ƙare masa kallo.

"Kai ne har yanzu ba ka yi aure ba?"

"Ni ne, Baba."

"To ka turo manyanka ranar Asabar. Na gaji da ganin yarinyar nan tana ramewa a gidana."