Awon Da Ba Nata Ba

"Ki saita idona."

Nives ta tsaya da bindigar a hannu. Bindigar babu harsashi, Ermes, mai sassaƙa ƙotar bindiga a shagon mahaifinta, da kansa ya buɗe ta a tsakiya ya nuna mata ramukan biyu, na sama da na ƙasa, wayam. Duk da haka, nuna bakin bindiga ga mutumin da kake ɓoye sonsa ba ƙaramin abu ba ne.

"Ermes, ba zan iya ba..."

"Haka ake awo, kin fi kowa sani. A shagon nan kika yi rarrafe. Ɗaga."

Ta ɗaga, ta kafa ƙotar a kafaɗar dama, ta runtse idon hagu kamar yadda mahaifinta ya koya mata tun tana yarinya.

"Buɗe shi."

"Papa ya hana."

"Papa ya fita shan kofi. Buɗe, Nives."

Ta buɗe. Yana tsaye taku uku a gabanta, yana kallon ta ta saman ƙarfen, garin katako a gashin girarsa.

"Kin gani? Bakin ya bar idona, ya koma kunnena. Idon hagunki ne ke jagora. Shekara uku ina bin ki kan dutse, ina kallo kina kuskuren makwarwa kina zagin kanki. Laifin ba naki ba ne. Kafaɗar ce ba ita ba."

Ta sauke bindigar a hankali.

"To me kake so in yi?"

"Ran Asabar zan sa zarto a katakon nan. In na yanka, na yanka, ba ya komawa. Ki faɗa min kawai... dama ko hagu?"

Katakon yana kwance a kan teburi, mai zane kamar hayaƙi, shekara goma ana busar da shi. Na bindigar baikonta ne. A garinsu Gardone, gidan da ya isa ba ya tsayawa a zobe, sai an haɗa wa amarya bindigarta an yanka ƙota daidai jikinta. Angon kuwa Gualtiero ne, ɗan masu babbar masana'antar da ke bakin gada, gwanin wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama. Shekara biyu da suka wuce, watan da mahaifiyarta ta rasu, ya nemi aurenta. A lokacin ko me aka ce mata "to" take cewa.

Ƙofa ta buɗe kafin ta ba shi amsa.

Mahaifinta Ottavio ne a gaba, sai Gualtiero, sai uwarsa Sinyora Tecla tana toshe hanci da hankici.

"'Yar tsanata!" Gualtiero ya sumbaci goshinta. "Kin ga bindigar da na zaɓa miki? Dogon baki, mai nauyi, da zanen zinariya har kan kunamarta. Ko mai gari bai taɓa riƙe irinta ba!"

"Ta yi nauyin hawan dutse, Gualtiero. Na so ƙarama, wadda zan wuni da ita a hannu..."

Ya yi dariya.

"Wane dutse kuma? Matata za ta dinga bin kare cikin ƙaya? Filin harbi yana nan, da inuwa da kujeru."

Sinyora Tecla ta zaro takarda daga jaka ta miƙa wa Ermes da yatsu biyu.

"Ga awon. Ba sai ka wahalar da kanka da taɓe-taɓen kafaɗar mutane ba."

Ermes ya duba. "Sinyora, wannan awon wa ne?"

"Nawa ne. Da shi aka yanka tawa, da shi aka yanka ta uwar mijina. Matan gidanmu awonsu ɗaya."

Nives ta kalli mahaifinta. Mutumin da ya taɓa korar wani attajiri daga shago don ya aiko awo ta waya. Mutumin da ke cewa ƙota ba ta da mai ita biyu.

Ottavio ya sunkuyar da kai yana gyara zaman kurfin sassaƙa a kan teburi.

"Yanka yadda takarda ta ce, Ermes."

"Kuma shi nake so ya yanka da hannunsa," in ji Sinyora Tecla, tana murmushi. "Na ji an ce ya san amaryarmu sosai. An sha ganin su suna saukowa daga dutse tare."

Ermes ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da yamma a gida, Nives na tuƙa tuwon masara, mahaifinta na zaune bakin taga. Duwatsun da suka kewaye kwarin sun riga sun tare rana tun ƙarfe huɗu, kamar kullum.

"Papa, mutum nawa ka auna a rayuwarka?"

"Wa ya ƙirga?"

"Ni ba ka taɓa auna ni ba."

"Ke 'yata ce, na san jikinki."

"Ka san idona na hagu ne?"

Ya juyo daga taga.

"Tun kina shekara biyar na sani. Da hagu kike ɗaukar cokali. Ni na mayar da ke dama, don kada a ce 'yar Ottavio bahaguwa ce, tana harbi a karkace."

"Papa, ba na son auren nan!"

Muciyar ta tsaya a hannunta. Ita kanta ba ta san maganar za ta fito ba.

"Wa ya tilasta ki? Da bakinki kika amsa." Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Ƙota tara cikin goma da muke yankawa tasu ce. Mutum shida ke ci a shagon nan. In Tecla ta juya mana baya, wa zai kawo mana katako a kwarin nan? Ko Ermes ɗin naki zai ci garin zarto ne?"

Ta ci gaba da tuƙi, hawaye na ɗiga a gefen tukunya.

Asabar da safe ta leƙa shago. Ermes na riƙe da zarto, bai fara ba. Jiran ta yake.

"Yanka yadda takarda ta ce," ta faɗa, ba ta kalle shi ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To. Ran da aka ba ki bindigar, washegari zan bar kwarin nan. Ba zan iya zama ina jin ƙarar harbinki daga filinsu ba, rabin raina..."

Ta fita da gudu, ƙarar zarton na bin ta har bakin titi.

Bayan sati biyar, ranar Lahadi da aka fito coci, gidajen biyu suka taru a filin harbi. Nama na juyawa a tsinke, mutane sun kai hamsin. Aka buɗe akwati, bindigar ta haska, mata suka yi guɗa irin tasu, maza suka tafa.

Nives ta tsaya a kan layi. Kafaɗar dama. Idon hagu a runtse. Ta ba mai cilla faifai umarni.

"Saki!"

Faifan ya tashi, ta harba, ya wuce lafiya lau.

"Saki!"

Ya wuce.

Sau takwas. A kowane harbi ƙotar sai ta mare ta a kunci, har wurin ya tashi ya yi ja. Wani tsoho ya ce, "Yau faifai sun samu ranar hutu!" Dariya ta ɓarke.

Sinyora Tecla ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku dubi fuskar yarinyar nan! Katakon shekara goma, an ba wa mai baƙin ciki ya lalata. Da gangan ya yi! Ottavio, in dai wannan mutumin ya sake taɓa katako a kwarin nan, ni da shagonka mun rabu. Kuma zan tabbatar duk inda ya je labarin ya riga shi."

Ermes na tsaye can baya kusa da tsohuwar motarsa, kayansa a ɗaure a ciki. 

Sai a lokacin Nives ta gane. Ba wulaƙanta shi kawai matar ta so yi ba. Ta san awon ba zai zauna ba. Sunansa take so ta kashe, kuma mai sassaƙa ba shi da komai sai suna.

Ta kalli mahaifinta. Kansa a ƙasa.

Ta buɗe bindigar zinariyar a tsakiya ta ajiye a kan teburi.

"Ermes! Doguwar jakar da na gani a bayan motarka, ta wace ce?"

"Nives, bari..."

"Ta wace ce?"

"Taki ce. Na so in bar miki ita a shago in na tafi."

"Kawo."

Ƙarama ce, ba zane ko ɗaya, katakon ma na talakawa. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya. Ta kai ta kafaɗar hagu, sai ta zauna kamar a can aka haife ta.

"Hagu?" Gualtiero ya riƙo gwiwar hannunta. "'Yar tsanata, mutane na kallo! Kada ki ba ni kunya..."

"Matsa, Gualtiero. Akwai harsashi."

Ta buɗe idanunta duka biyu.

"Saki!"

Faifan ya zama ƙura. Na biyu ma. Na uku ta kuskure, ta yi tsaki, na huɗu da na biyar suka tarwatse.

Ba wanda ya tafa. Ottavio ne ya taso a hankali, ya ɗauki bindigar zinariyar, ya shafa ƙotar da tafin hannu daga sama har ƙasa. Ya karɓi takardar daga hannun Ermes ya gwada.

"Sinyora," ya ce, "ko gashi ɗaya bai kauce wa takardarki ba. Ni kaina ba zan yanka ta fi haka ba. Ƙotar ba ta da laifi. Awon ne ba nata ba... kuma ina tsaye aka ba da shi, na yi shiru."

"Ka san abin da ka jawo wa shagonka?"

"Na sani."

Nives ta zare zoben ta ɗora a cikin akwatin, gefen zinariyar.

"Ka yafe min, Gualtiero. Bindigar tana da kyau. Ka nemo wadda ta yi daidai da ita."

Sinyora Tecla ta cika maganarta. Kafin sanyi ya shigo, mutum uku sun bar shagon, teburi biyu suka zama wurin ajiye kwali. Aka koma gyaran tsofaffin bindigogin mafarauta. Bikin Nives da Ermes ma mutum ashirin ne suka zo, aka ci tuwon masara da cuku.

Sati guda bayan bikin, ana shirin hawa dutse, Ottavio ya ɗauki ƙaramar bindigar yana juya ta yana ɓata fuska.

"Kai Ermes, da ido ka yanka wannan?"

"Da ido, Maigida."

"Shi ya sa. Ta yi tsawo da rabin yatsa. Surukin banza kawai."

Ya buɗe ta, ya duba ramukan biyu, ya miƙa wa 'yarsa. Sannan ya ja da baya taku uku, ya tsaya a gabanta, ya cire tabarau.

"Ɗaga, Nives. Saita idona."

Ta kai ƙotar kafaɗar hagu.

"Papa... in runtse?"

"A'a, 'yata. Buɗe su duka. Bari in gan ki."