Farar Tsakuwar Ɗelu

Ranar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum a Madarunfa. Rana ta sauka bayan tafki, awaki sun dawo daga kiwo, hayaƙin murhu ya kwanta bisa katangu. Ɗelu na tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu, tana kallon sabon daɓen da ya miƙe daga bakin titi har rumfar motar mijinta, fari fat, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Babu abin sharewa a kansa. Sharar take yi kawai don maƙwabta su gani.

Duk unguwar an san Ɗelu da ƙyanƙyami. Mata kan ce ita ce mai wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Shekaru ta yi tana mita a kan ƙofar gidan nan, da damina taɓo, da rani kashin jakunan masu amalanke. Mijinta Alhassan, mai motocin dakon kaya tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, ya ce a zuba siminti, ta ce siminti tsagewa yake. Ya ce a jera duwatsun daɓe, ta ce ƙazanta na maƙalewa a tsakaninsu. Sai ta nuna masa wani aiki a salula: tsakuwa ce ake cakuɗawa da wani ruwan danƙo mai suna rezin, a shimfiɗa, ta daskare ta zama ɗaya. Ɗanlami magini ya kawo samfuri, ya ba da shawarar ja don ita ake samu kusa. Ɗelu ta ce fara, ko kuwa a bar aikin. Alhassan mai son zaman lafiya ne, aka yi fara.

Ladan bai gama kiran magariba ba sai wani abu ya faɗo bisa kwanon rumfa. Wani ya biyo shi. Can sai suka yi ta zubowa, alhali babu kowa a titin, ko iska ba ta motsi. Ɗelu ta duƙa ta ɗauki ɗaya. Fara ce kamar tsakuwarta, amma ba ta da nauyi, jikinta duk ƙananan ramuka. Ta kai ta hanci, ta jefar da sauri tana goge yatsu a zane. Ƙarni take yi.

Da ta juya za ta shiga gida, sai ta ga Firdausi. Ɗiyarta ce ɗaya tilo, budurwa mai kunya da tsabta, wadda Ɗelu ta rena da hannunta har ta zama abin misali a unguwa. Tana durƙushe a tsakiyar daɓen, tafukanta a ƙasa, fuskarta a ƙasa, tana lasarsa a hankali kamar akuya ta sami kanwa.

"Ke! Mi kike yi haka?"

Yarinyar ta ɗago, yawu na zuba a haɓarta. Ta dubi uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta mai da kai ta ci gaba.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da rana Firdausi kan kwanta shiru, ba ci ba magana. Da inuwa ta yi tsawo sai jifa ta fara, sai a ji ƙarar tauna a ƙarƙashin daɓen, baki da yawa, ana gurgura ana tsotsa, wani lokaci da kukan yara masu yunwa. Ko an kulle ta a ɗaki, a kan daɓen za a same ta. Harshenta ya tsattsage, leɓɓanta suka kumbura. Wata rana Ɗelu ta iske ta a jujin bayan gida, ta tono ƙashin da kare ya bari, ƙudaje na binsa, tana fasa shi da haƙora tana zuƙe abin da ke ciki. Ɗelu ba ta kama ta ba. Bayan katanga ta ruga ta yi amai har cikinta ya ƙulle, kuma ta ji kunyar hakan ƙwarai, don ɗiyarta ce.

Daɓen kuwa sai wari. Rana na dukansa yana tashi, warin mayanka da tsakar bazara, korayen ƙudaje su lulluɓe farin nan baƙi ƙirin. Ɗelu ta wanke da sabulu, ta kwara ruwan zafi, kamar tana ƙara masa. Masu wucewa suna toshe hanci, su da a baya suke tsayawa kallo. Likita ya duba yarinyar ya ce bai ga ciwo ba in ban da na baki. Sai Alhassan ya ɗauki mota ya nufi garin Safo, ya zo da Malam Zakari mai ruƙiyya.

Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Da ya sauko ya tsaya ya daɗe yana kallon daɓen, ya kankare wuri ɗaya da farce, ya sunsuna. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kwantar da Firdausi, ya ce uwar ta riƙe mata kai. Ɗelu ta riƙe da bakin gyale. Bayan la'asar ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Haske ya yi ta janyewa daga ƙofar zauren, unguwar ta yi tsit, ko kaza ba ta kuka. Can sai jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, da wari tare da ita.

"Bari ƙona ni, malam. Ni aka zalunta."

"Wa ya zalunce ki? Mi ɗiyar mutane ta yi miki?"

"Abincinmu suka kwaso. Tun kakanninsu ba su zo garin ga ba muke cin ƙashi a tsohuwar mayanka. Suka kwashe shi a amalanke, suka zuba mishi danƙo. Muna gani, muna jin ƙamshi, ba mu iya ci. Ɗiyana na kuka. Bakinmu ba shi kama danƙon ga, shi ya sa na ari nata."

Malam ya waiwaya ya dubi Alhassan. Aka aika kiran Ɗanlami, ya zo ya tsuguna a bakin zaure. Farar tsakuwar da aka sayo ba ta isa ba, in ji shi, ga rezin ba ya jira, ga Hajiya Ɗelu ta ce ba ta son ganin ja ko ƙwaya ɗaya. Sai ya tuna da wani fili bayan gari inda ƙasa take fari tas. Ya san ƙasusuwa ne da rana ta cinye suka farfashe cikin tsakuwa, amma ya ga ai fari fari ne. Ɗelu ta dubi tafin ƙafarta. A kan wannan daɓen take tafiya ba takalmi, a kansa ta shanya gero.

"To an ji," in ji Malam. "Za a mai da miki abinki. Hita."

"A yanka mini baƙar akuya."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ko ɗigon jini ba ki samu."

"To a bar mini yarinyar. Bakinta na da taushi."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Tsohuwar ta yi ƙara, jikin Firdausi na bugun ƙasa, kumfa mai jini na fita ta gefen bakinta tana gangarowa hannun uwar. Ɗelu ta runtse ido, amma ba ta saki ba.

"Na bari! Na bari! Amma wadda ta ce fari take so, ita za ta tsince. Da hannunta. Kar a haɗa mana da danƙo."

Malam ya buɗe baki zai ƙi, Ɗelu ta riga shi. "Na yarda, Malam. A bar mini ɗiyata."

Washegari aka sa diga aka fasa daɓen. Abin da ke ƙarƙashinsa ba ya faɗuwa: danshi mai yauƙi, tsutsotsi farare suna nuƙu-nuƙu. Ɗelu ta zauna dirshan a ciki, tana farfasa gutsattsarin da dutse, tana ware ƙashi daga tsakuwa, haƙoran shanu, gaɓoɓi, guntayen muƙamuƙi. Ta yi amai, ta goge baki, ta ci gaba. Maƙwabta sun cika titi suna kallo, babu wanda ya yi dariya. Kafin rana ta faɗi aka loda a amalanke, ta bi shi a ƙafa har tsohuwar mayanka, Malam na gaba, ta juye da bismilla. A gida, daidai lokacin, Firdausi ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Magaribar ranar ba a yi jifa ba.

Yarinyar ba ta tuna komai, kuma Malam ya ce kar a faɗa mata. Bakinta ya warke a hankali. Amma Ɗelu ta gani da idonta, abin da ido ya gani kuwa ba ya wankuwa. Ta ware mata kofi da kwano, tana cewa don ciwon baki ne. In Firdausi ta yi dariya, haƙoran nan take kallo. Ta san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta sha faɗa wa wasu matan haka, amma zuciyarta tashi take.

Wata yamma Ɗelu ta zauna da tuwonta a tsakar gida. Firdausi ta zo ta zauna gabanta, ta bar nata kwanon a rufe.

"Inna, na warke hwa. Ko ƙyamata kike?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sa hannu a kwanon uwar, ta gutsuri tuwo ta kai baki, ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta sake yanko loma, ta dangwali miya, ta miƙa wa uwar a baki, idonta cike da hawaye.

Yawu mai ɗaci ya cika bakin Ɗelu. Ta dubi yatsun, suna sheƙi da miya da yawun ɗiyarta. Ta buɗe baki ta karɓa, ta haɗiye da ƙyar.

"Ƙaro mini," ta ce.