Ciniki a Kangon Bakin Teku

Ku rage fitilar nan, ku matso. Ba zan maimaita ba.

Shekarar da autata Hansatu ta gama karatu a tsibirin Saifurus, ni na je bikin, tunda babanta, Malam, ya riga mu gidan gaskiya. Bayan biki ta saka mu a motar yawon buɗe ido. Ɗan jagora na gaba da 'yar tutarsa, Turawa na bin sa kamar tumaki. Ya kai mu wani tsohon birni a bakin teku, ginshiƙan dutse tsaye, ba rufi. Ya yi ta zuba, Hansatu na fassara mini: kada kowa ya ware daga ayari.

Ni da na yi fataucin atamfa har Kwatano, yaro zai nuna mini hanya? Na ja hannunta muka ratse. Rana tsaka.

Muka iske wata ƙofa. Ban taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba, ko kango ne. Na yi sallama.

Aka amsa. Da Hausa.

Tsohuwa ce zaune a inuwa. Ƙasa bushe ƙayau, amma ruwa na tsiyaya daga ƙafafunta, yana gangarawa teku. Na juya in ce mu tafi. Hansatu ta sandare, ido buɗe, ruwan ya kewaye ƙafarta.

"Sayar mini da yarinyar," in ji tsohuwar.

"Ba ta sayarwa ba ce, Iya."

"Kin shigo kasuwata da ita. Na taya da zinaren garin nan."

Bakina ya san aikinsa. "Albarka."

"Har in dawo miki da ƙuruciyarki."

"Albarka."

Ruwan ya kai wa Hansatu gwiwa. Na ja ta, kamar na ja bishiyar kuka. Na yi addu'a, harshe ya harɗe. Na ƙwala wa ɗan jagoran kira, teku ta cinye.

Sai tsohuwar ta buɗe baki, muryar Malam ta fito. "Tasalla, sallama mata. In dawo gida."

Yara, nan na durƙusa. Kwana nake da muryar nan a kunnena tun ranar da aka ɗauke shi. Ruwan ya kai ƙirjin yarinyar.

Na ce, "Albarka." Da kuka na faɗa.

Ta ce, "Mai tayi ba ya tashi hannu wofi."

"To riƙe muryar da ke bakinki. Na bar miki."

"Kin sallama?"

"Na sallama."

Hansatu ta faɗo jikina, jiƙe sharkaf, tana tambaya wai me ya faru. Can muka jiyo usur ɗin ɗan jagora.

Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu. Ni kuwa ina tuna fuskar Malam, da tafiyarsa, da hularsa. Yadda yake kiran sunana ne ya tafi, ko a mafarki bakinsa kawai ke motsi.

In an kai ku garin da masu shi suka ƙare, ku bi mai tuta. Kada ku ware. Kango kuma ba a yi masa sallama, don wani yana da mai amsawa.