Salsalar Aro

A falon wani gida a Al Wukair, a ƙasar Qatar, bayan sallar la'asar, Sa'adiyya na zaune gaban kwamfuta tana jiran mahaifinta ya faɗi jimla ta gaba. Tun da korona ta kwantar da Malam Ɗayyabu ya tashi da raunin ido, ita ce ta zama hannunsa. Malamin tarihi ne a wata jami'a a Doha, kuma ya daɗe yana fassara wani tsohon littafi zuwa Hausa: tarihin wata ƙaramar masarautar Turkawa da ta yi zamani a duwatsun Anadol, wanda marubucin fadarta ya rubuta. Sai ta faɗaɗa masa hoton shafi, ya kanga fuska ya karanta, ya faɗa, ita kuma ta buga.

Ran nan suna kan babin asalin sarkin farko. Marubucin ya jero kakanni, wane ɗan wane, har ya dangana da Annabi Nuhu. Malam ya cire tabarau ya ce wannan mutumin da cikinsa yake rubutu, an ba shi alkyabba ya biya da kakanni. Sa'adiyya ta yi murmushin yaƙe, domin zancen asali shi ne ciwon gidan.

Yusif ɗan Zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana, yana ɗaukar kaya a filin jirgin sama, yana kwana a ɗakin haya a unguwar Najma tare da abokan aiki. Lokacin kulle, da Malam ke kwance ba mai shiga gidan, shi ne ke kawo musu daddawa da garin tuwo ya ajiye a bakin ƙofa, ya ja da baya da takunkumi a fuska, ya tambayi mai jiki. Daga nan soyayya ta shiga tsakaninsa da Sa'adiyya. Malam bai taɓa goranta masa talauci ba. Abu ɗaya ya kafe a kai: ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san tushensa ba. Da aka buɗe iyakoki ya aika aka yi bincike a Kumasi, kamar yadda aka saba. Ɗan aiken ya dawo da labarin cewa marigayi Gado, mahaifin Yusif, mutumin kirki ne, amma daga shi ba wanda ya iya ƙara ko suna ɗaya. Malam ya ce to, a dakata.

An yi ta dakatawa har shekarar gasar cin kofin duniya ta Qatar. Kwantiragin Malam zai ƙare da ƙarewar gasar, iyali su koma Kano, kuma Sa'adiyya ta san in ta hau jirgin nan ba da igiyar aure ba, shi ke nan. Ta rame. Takan yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska ta dawo ta ci gaba da buga kakannin Turkawa.

Mahaifiyarta, Hajiya Ruƙayya, ita ta samo dabara. Gwaggon Yusif, Ajaratu, ta zo Doha cikin 'yan kallon Ghana, za ta zo gaisuwa. Hajiya ta kira ta a waya ta biya mata abin da za ta faɗa: kakansu falke ne daga Kano, cikin fataken goro, ciniki ya zaunar da shi a Gwanja. Sa'adiyya ta ji komai daga kicin. Ta san ƙarya ce, ta kuma san Yusif bai sani ba, amma ta ja bakinta ta yi shiru.

Washegarin ranar da Ghana ta ci Koriya suka zo tare da Yusif, muryar Gwaggo Ajaratu a dishe saboda ihun filin wasa. Ta shigo da gyale mai launin tutar ƙasarta, ta tsokani Malam cewa 'yan Najeriya bana a talabijin suke buga tasu ƙwallon. Malam ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Aka sha shayi. Sannan ta gyara zama ta zayyano salsalar yadda aka koya mata, har da ƙari: Gado ɗan Ɗantala, Ɗantala ɗan madugu, mai jakuna ba iyaka.

Fuskar Malam ta washe. Ya matso gaba yana tambaya da murna, irin ta wanda ya tsinci ɗan'uwa a baƙon gari: wace unguwa, ta wace ƙofa ayarinsu ke fita, wane zane ne a fuskarsu. Gwaggo ta amsa ta farko, ta lalubi ta biyu, ta dubi Hajiya Ruƙayya a ta uku. Malam bai lura ba. Ya ce gobe zai kira dattawan unguwar, in an tabbatar, magana ta ƙare. Sa'adiyya na tsaye bayan labule tana jin komai.

Yusif ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ku gafarce ni, ku gafarci Gwaggo. Ba haka ba ne. Kakana ɗan dako ne, ya zo Zango daga arewa yana yaro, can ya musulunta. Ko sunan garinsu bai bar mana ba. Ina son Sa'adiyya, amma ba zan karɓe ta da kakan aro ba."

Gwaggo ta dafe kai ta ce da shi ɗan banza, an dafa masa ya zubar. Malam ya juya wajen matarsa, ya daɗe yana dubanta da raunanan idanun nan, sannan ya lalubi sandarsa ya shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Gari na ta kaɗe-kaɗe da tutoci, su kuwa suna ɗaure kwalaye. Malam bai yi wa kowa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Hajiya Ruƙayya ta nemi gafara, ya ce Allah ya yafe mana. Sa'adiyya ta hana kanta kiran Yusif. Da safe takan shirya kwamfuta ta zauna, mahaifinta ba ya fitowa.

Wata safiya ya fito. Ya tambaye ta ko ta san abin da aka shirya. Ta ce ta sani, Abba, kuma tsoro ne ya sa ta yi shiru tun farko. Ya gyaɗa kai, ya ce ta buɗe sabon shafi, akwai bayanin da yake son ƙarawa a ƙarƙashin babin asali. Ya faɗa a hankali, tana bugawa: cewa wani masanin tarihi na maƙiyan masarautar ya rubuta, don ya wulaƙanta su, wai sarkin farko gawayi yake saukowa da shi daga dutse yana sayarwa, kuma mai fassara ya fi gaskata wannan, ya kuma fi ganin girman sarkin a cikinsa, domin mai gawayin ne ya gina masallatai da rijiyoyi, kakannin ƙarya ba su ɗora ko tubali ba.

Sannan ya ce, "Na shekara ina zagin mataccen marubuci saboda ya ƙirƙiro kakanni, ashe ni ne sarkin da ke tilasta a ƙirƙiro masa. Yaron nan ya ga aure a tafin hannunsa, ya ajiye don kada ya yi mini ƙarya. Wane bincike ya rage? Kira mini shi."

Hawaye ya hana ta ganin lambobin wayar, sai da ta sake dannawa.

An ɗaura auren a wani ƙaramin masallaci kafin wasan ƙarshe, abokan ɗakin Yusif suka cika sahu da rigunan aiki. Da aka zo tafiya, Yusif da kansa ya tura kayan surukinsa har wurin awon kaya a filin jirgi. Malam ya riƙe hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba, domin ya san ya bar idanunsa a Doha, kuma sauran littafin sai yadda Allah ya yi.

Haka abin yake. Asali abin tambaya ne, ba laifi, amma wanda ya matsa wa mutane sai sun kawo masa kakanni, ƙarya za su kawo masa. Haƙurin Sa'adiyya ya kusa zubewa a rana ɗaya saboda shirun da ta yi, gaskiyar Yusif ce ta tare shi. Mai gaskiya, ko bai san kakansa ba, jikokinsa za su san nasu.