Hannun Dama a Teburin Godiya

Ranar Godiya ta bara waccan, bikin da iyalai ke taruwa a yi duk shekara a Amurka, da ƙarfe biyu na rana, Lorna Haugen ta tashi daga tebur za ta ɗauko miya, ta faɗi a ƙofar kicin, ba ta sake tashi ba.

Tun daga ranar mijinta Wendell bai ƙara taka coci ba. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a makarantar garin, kuma duk wanda ya yi masa zancen ibada sai ya ce shi da Ubangiji daga nesa suke gaisawa, kamar maƙwabtan da suka yi shari'a a kan shinge.

Bana 'yarsa Ingrid ta dage sai an yi bikin. Ta gasa talotalo, ta yi kek ɗin kabewa, ta gayyato Emmett, saurayin da ya sa mata zobe da bazara. Emmett ya sami aikin asibiti a can Alaska mai nisa, ranar Litinin zai tafi. Mako uku ke nan Wendell na jin gabansa na faɗuwa duk sanda ya ga akwati. Yau ce za ta gaya masa, ya sani. Za ta bi Emmett, gidan ya rage daga shi sai agogon bango.

Al'adar Lorna ce: kafin a taɓa abinci a riƙe hannun juna, kowa ya gode wa Allah a bayyane saboda wanda ke damansa.

"Abincin zai huce," in ji Wendell.

"Ya huce. Kawo hannunka, Baba."

Emmett ne ya fara, Wendell ke damansa. "Ya Ubangiji, na gode maka da Malam Haugen, wanda ya kayar da ni a jarrabawa har na koyi karatu."

"Sau biyu," in ji Wendell. "Kada ka rage wa Allah labari."

Ingrid ba ta yi dariya ba. Hannunta na hagu na cikin na ubanta, sanyi ƙalau. Ta sunkuyar da kai.

"Ya Ubangiji, na gode maka da Emmett... da shekara huɗun nan... ka kai shi lafiya..."

Wendell ya shafa yatsanta da babban yatsansa. Babu komai a wurin sai shatin zobe.

"Ina zoben?"

"Baba, addu'a ake yi."

"Ni kuma tambaya nake yi."

"Na mayar masa ɗazu da safe." Ta ɗago kai. "Ba zan je ba. Wa zai tuna maka maganinka? Wa zai kwashe maka ƙanƙara a ƙofa? In ka faɗi a kicin ɗin nan kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Emmett ya ƙura wa farantinsa ido.

To ga shi, abin da Wendell ya yi mako uku yana roƙo ba tare da ya ce roƙo yake ba ya samu. Sai dai tsoron da ya kama shi yanzu ya fi na da. Ya hango ta da furfura a kujerar nan, tana dafa wa tsoho mai baƙin rai abinci, daga baya kuma tana ci ita kaɗai.

"Layi ya zo kanka, Malam," in ji Emmett a hankali.

Wendell ya rufe ido.

"Ubangiji, Wendell ne. Ka san ba ma magana. Na gode maka da yarinyar nan. Ta ɗauko zuciyar uwarta da taurin kaina, ka ga an yi mata rabo marar daɗi. Ka ba ta hankali ta tafi."

"Baba..."

"Kada ki katse ni, shekara biyu ban yi ba." Ya buɗe ido ya dube ta. "Tsoro nake ji, uwata. Duk sanda gidan nan ya yi shiru ji nake kamar an rufe ni da rai. Amma tsorona ne, ba gadonki ba ne. Emmett, zoben na aljihunka, ko ka jefa shi a tafki?"

Emmett ya ciro shi. "Rabin raina... ko sau goma kika mayar, zan kawo."

Ingrid ta fashe da kuka, ta miƙa yatsa ba tare da ta saki hannun ubanta ba, sai da shi ya zare nasa.

"Kullum zan kira ka, Baba. Kullum!"

"Lahadi ta isa. Ina da karatu."

Suka kwashi abincin za su ɗumama, Wendell na jiyo su a kicin suna dariya cikin hawaye. Ya zauna shi kaɗai, tafin hannunsa a buɗe a kan tebur.

Shekara talatin da ɗaya Lorna na zama a damansa. Duk shekara in layi ya zo kansa sai ya gode wa Allah da ba ta ƙona talotalo ba, kowa ya yi dariya, ita ma ta taya su. A bikin ƙarshe ya shirya zai faɗi gaskiya, har ya haddace ta a mota, layin ne bai kai kansa ba. Magana ce gajeriya:

"Na gode da Lorna. Tun ranar da na aure ta nake tsoron rasa ta, shi ya sa nake wasa."