Fatar Wayar Fanka

Akwai wani yaro da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Kome ya gani sai ya ɓare shi.

Ana nan sai 'yan ajinsu suka shiga yayin awarwaron roba. Kowa da nasa, ban da shi. Da ya dawo gida, ya leƙa bayan kujera, ya ga wayar fanka, ja sumul. Lokacin an ɗauke wuta. Ya ɗauko reza, ya tsaga robar da ta lulluɓe wayar, ya zare ta ya ɗaura a hannu. Ƙarfen ciki ya fito tsirara. Ya tura wayar ƙarƙashin kujera don kada a gani.

Da yamma aka kawo wuta. Ƙanwarsa Auta tana rarrafe, tana bin ƙwallonta. Ta zura hannu ƙarƙashin kujerar.

Ƙara ɗaya ta yi, sai ɗif.

Umma ta fito da gudu, ta kashe soket, ta suri yarinyar. "Innalillahi! Auta! Buɗe ido, uwata!"

A asibiti Auta ta farfaɗo. Amma fatar tafin hannunta ta saluɓe, ga jan nama a fili. Ko iska ce ta taɓa wurin sai ta tsala kuka.

Likita ya ce, "Ɓera ne ya ci wayar?"

Umma ta dubi hannun ɗanta. Ta ce, "Ɓera mai awarwaro."

Yaron ya ce, "Umma, wallahi roba kawai na cire."

"Kawai? Zo ka duba. Ita ma ai fata kawai ta rasa. Robar nan ita ce fatar waya, ɗana. Ita ke tsakaninmu da wuta."

Ya fashe da kuka. "Hannunta zai warke?"

"Sai mu roƙi Allah."

Kullum shi ke riƙe Auta idan za a wanke ciwon. Tana ihu, yana hawaye. Ko abinci ba ya iya ci sosai.

Sannu a hankali sabuwar fata ta tsiro. Ranar da aka kwance bandeji, Auta ta cafki kunnen yayanta da hannun, ta ja da ƙarfi.

"Wayyo Umma, za ta cire mini kunne!"

"Bar ta ta ja. Alhamdu lillahi, hannu ya dawo."

Yara, don Allah, duk abin da kuka ga an lulluɓe, da dalili. Ku tambayi manya kafin ku ɓare.